Giya ta uku ko ta huɗu? Amsa ga mai Boxer da ke zirga-zirga tsakanin Bichi da Kano

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, kullum nakan taso daga Bichi zuwa cikin Kano a kan Boxer mai giya huɗu, wani lokaci da kaya a baya. Tun da fetur ya yi tsada wani abokina ya ce in riƙa saurin kai babur ɗin giya ta huɗu in bar shi a can ko da a hankali nake tafiya, wai ta fi tattalin mai. Na gwada, amma da na shigo gari na rage gudu sai in ji yana fizga, cen yana ƙara. A kan babbar hanya kuma idan na kai 70 ko 80 sai injin ya yi ta ihu kamar akwai sauran giyar da ban sa ba. Wace giya ce ta dace da wane gudu? Kuma tsakanin ihun da fizgar, wanne ya fi ɓata inji?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku kake son sani: ko gaskiya ne giyar ƙarshe ita ce mai tattalin mai a kowane hali, abin da ke sa babur fizga a cikin gari da ihu a kan kwalta, da kuma wanda zai fi saurin kawo ka wurin bakanike a cikin biyun. Na yi acaba a Kano har zuwa watan Janairun 2013 da gwamnatin jiha ta hana, daga nan na tare a garejin gyaran babura. Don haka na san wannan magana daga kan sirdi, na kuma san ta daga injin da aka kwance aka baje a kan buhu.

Maleji ba shi ke zaɓar giya ba, inji ne. Giyar da ta dace da kowane gudu ita ce mafi girma wadda idan ka ɗan murɗa totur babur zai amsa maka nan take, ba fizga, ba ƙwanƙwasa, ba jan ƙafa. Idan ka murɗa ka ji ƙara ta yi kauri amma gudu bai ƙaru ba, giyar ta yi wa injin nauyi, sai ka sauko ɗaya. Maganar abokinka akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai bai gaya maka inda iyakarta take ba, kuma daga wannan iyakar ne asara ke farawa.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Na tabbata ka taɓa hawa keke mai giya. Idan kana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kana cikin gudu ka sa giya mai nauyi, ƙafarka na juyawa a hankali, keke na cin ƙasa, kai kuma ba ka gajiya. Amma ka bar wannan giyar ka tunkari tudu, ko ka ɗaura buhun masara a baya, sai ka ga ka miƙe tsaye kana danna feda da dukan nauyinka, gwiwa na zafi, keken na tafiya da kyar. Idan kuma ka sa giya mafi sauƙi a kan hanya mai kyau, ƙafa za ta yi ta wulwulawa kamar farfela, numfashi ya ƙare, tafiya ba ta yi nisa ba. Injin babur ma haka yake, bambancin kawai shi ba ya magana sai da ƙara.

Ƙaramin inji mai fiston ɗaya irin na Boxer ɗinka, mai cc 100 ko kusa da haka, ƙarfinsa bai wuce doki bakwai zuwa takwas ba, kuma ba ya ba da wannan ƙarfin duka sai yana juyawa wajen sau 7,000 zuwa 8,000 a minti ɗaya. Ƙarfin jan kaya kuwa ya fi kauri a tsakiya, wajen 4,500 zuwa 5,500. Idan yana silo a tsaye, juyinsa wajen 1,400 ne. To a irin waɗannan babura, giya ta huɗu tana ba da kimanin kilomita 11 zuwa 12 a sa'a a kan kowane juyi 1,000. Yi lissafin da kanka, tunda kai malami ne. A gudun 60 injin yana wajen 5,000 da ɗan ɗoriya, daidai inda yake jin daɗi. A gudun 40 yana wajen 3,500, zai ja idan hanya a miƙe take kuma ba kaya. A gudun 25 ya sauko kusa da 2,000, wato da kaɗan ya fi silo. A nan kake son ya ja kai da jakar littattafanka ya ratsa cunkoson Dawanau. Ba zai iya ba, shi ya sa yake fizga.

Fizgar kanta ga asalinta. Inji irin naka ba ya bugawa a kowane juyi, sai karanshaf, wato ƙarfen da fiston ke juyawa, ya zaga sau biyu wuta ke tashi sau ɗaya. Idan juyi yana da yawa, bugun yana bin juna a kusa a kusa, ba ka jin rata tsakaninsu. Idan juyi ya yi ƙasa sosai, rata tana buɗewa: bugu ya zo ya finciki cen ya miƙe, sai a yi shiru cen ya saki, wani bugun ya sake fincika. Wannan saki da ja shi ne ƙarar da kake ji, kuma ba a cen kaɗai yake tsayawa ba. Yana bi ta haƙoran faifan gaba da na baya waɗanda cen ke hawa, ya shiga robobin da ke cikin cibiyar tayar baya, ya koma ta cikin akwatin giya har zuwa boris ɗin konrod, wato sandar da ke haɗa fiston da karanshaf. Boris ɗin konrod shi ne gwiwar injin.

Akwai wasu illoli biyu da ba a ji da kunne. Famfon baƙin mai injin ne ke juya shi, don haka idan juyi ya ragu, man da ke isa ga sassan da ke gogayya ma ya ragu, alhali a daidai lokacin ne aka fi ɗora musu nauyi. Sannan waɗannan injina iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. Ka buɗe totur da yawa, wuta mai zafi tana tashi a ciki, amma babur na tafiya a hankali, iskar da ke bugun kan injin kaɗan ce. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da kuma fetur ɗin kwalba wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba, sai ka fara jin wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da ka ba shi wuta. Wannan ƙarar alama ce fetur yana fashewa ba bisa tsari ba, yana dukan kan fiston maimakon ya tura shi. Duk lokacin da ka ji ta, rage totur, ka sauko giya.

Ni kaina na ci wannan kwas ɗin da kuɗina. A watan Janairun 2012, lokacin da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140 kafin a dawo da ita 97, mu 'yan acaba duk mun koma dabarar da abokinka ya ba ka. Ina tashi daga danja, kafin in yi taku ashirin na jera giya har ta huɗu, ga goyo, wani lokaci da buhu. Na ɗauka wayo nake yi. Kafin damina ta tsaya injin ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, da aka buɗe konrod ya yi wasa, cen da faifan haƙora duk sun cinye. Abin da na kashe a gyara ya ninka abin da nake tsammanin na tara a mai. Garin neman ƙiba na samo rama.

To ina gaskiyar abokin naka? Ga ta. Idan injin zai iya riƙe gudun ba tare da wahala ba, babbar giya ta fi tattali, domin juyi kaɗan yana nufin gogayya kaɗan, kuma injin ba ya ɓata ƙarfinsa wajen zuƙar iska ta maƙogwaron da aka kusa rufewa. Mai tafiya 45 a giya ta uku a kan kwalta mai kyau, shi kaɗai ba kaya, asarar mai yake yi, ta huɗu ce wurinsa. Amma da zarar ka kai matsayin da sai ka murɗa totur rabi ko fiye don kawai babur ya riƙe gudunsa, tattalin ya ƙare. Kafireta a ƙaramin juyi ba ta iya gauraya fetur da iska yadda ya kamata, man yana shiga da kauri, bai ƙone duka ba, ya bar baƙin toka a kan fulogi. Hannunka na dama shi ne ma'auni. Idan a ta huɗu sai ka murɗa da yawa, a ta uku kuma ɗan taɓawa ya isa, ta ukun ce mai tattali a wannan wurin, ko da ta fi ƙara.

Lambobin da ka nema

Zan ba ka, amma ka riƙe su a matsayin mafari, don na babur mai cc 100 zuwa 110 ne, mai giya huɗu, mutum ɗaya, hanya a shimfiɗe. Giya ta ɗaya ta tashi ce kawai da rarrafe cikin cunkoso, kada ka wuce 15 da ita. Ta biyu daga wajen 12 zuwa 28, ita ce ta lungu, ta kwana mai kaifi, ta tsallake tudun rage gudu. Ta uku daga wajen 25 zuwa 45, kuma a ganina ita ce giyar cikin gari. Daga Dawanau zuwa Kurna, inda a-daidaita-sahu zai tsaya a gabanka ba sigina, yaro ya tsallako, tirela ta yi ribas daga kasuwa, ta uku ce ke ba ka damar ka rage ka ƙara ba tare da ka taɓa giya ba. Ta huɗu daga 40 zuwa sama. Tsakanin 35 da 45 kuwa duka biyun suna aiki, kunnenka da hannunka ne za su raba gardama.

Idan ka ɗauki goyo ko kaya masu nauyi, ƙara kamar kilomita 5 zuwa 10 a kan kowace lamba kafin ka hau giya ta gaba. Haka idan hanya tana ɗan hawa, ko iska tana bugo ka ta gaba. Wannan na iska mutane ba su cika lura da shi ba. Da hunturu, ko gabanin hadari, za ka ga babur ɗin da jiya ya riƙe 60 cikin sauƙi yau yana ja da baya a giya ɗaya, a hanya ɗaya. Ba abin da ya same shi, tudu ne yake hawa wanda ido ba ya gani.

Masu babur mai cc 125 ko 150 da ke zuwa da giya biyar, tasu ta biyar ta kan kwalta ce, daga wajen 50 zuwa sama. A cikin gari ta uku da ta huɗu sun ishe su. Kuma a irin waɗannan sau da yawa idan ga goyo ga iska, ta huɗu ta fi ta biyar gudu, domin a ta biyar injin ba ya iya kai kansa inda ƙarfinsa yake.

Ihun da kake ji a kan kwalta

A gudun 80 cikin giya ta huɗu, injinka yana wajen juyi 7,000. Bai karye doka ba, an ƙera shi ya kai nan, amma kusa da ƙarshen numfashinsa ke nan. Kai nan na minti ɗaya ko biyu ba komai. Zama a nan tun daga Bichi har Kano, kullum, safe da yamma, shi ne ke dafa baƙin mai ya tsinke, ya sa inji ya fara shan mai, ya sassauta kusoshi da girgiza. Babu giya ta biyar da za ta cece ka, kuma ko da akwai, doki takwas ba za su ja ta a wannan gudun ba. Maganin ihun nan rage gudu ne. Tsakanin 55 da 65 injin yana cikin natsuwa, kuma kana da ɗan sauran ƙarfi a hannu idan buƙata ta taso. Kada kuma ka manta cewa kundin dokokin hanya na Najeriya kilomita 50 ya ƙayyade wa babur, ko da yake na san a kan wannan hanyar ba kowa ke tunawa da haka ba.

Ga kuma abin da ya shafi aljihunka kai tsaye. A kan babbar hanya ba giya ce ke shan mai ba, iska ce. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Daga 50 zuwa 70 gudu ya ƙaru da kashi 40 cikin ɗari, amma turjiyar iska ta kusa ninkawa biyu. Mutumin da ke wahalar da injinsa a ta huɗu cikin gari don ya tsira da cokali biyu na fetur, sannan ya hau kwalta ya ƙure maleji da babbar riga tana kumbura a bayansa kamar tanti, ya zubar da abin da ya tara har da ƙari. A tafiyar da ba ta fi kilomita arba'in ba, bambancin 60 da 75 bai wuce minti takwas ba.

Game da wanda ya fi ɓarna, ra'ayina a fili yake. A waɗannan ƙananan injina, fizgar ta fi ihu illa, muddin ihun na ɗan lokaci ne kuma akwai baƙin mai mai kyau a ciki. Ihu yana damun kunne, shi ya sa mutum ke saurin gyarawa. Fizga kuwa sai mutum ya saba da ita, ya ɗauka halin babur ne, har ranar da konrod zai yi magana. Amma doguwar ƙure gudu da tsohon baƙin mai ita ma tana kai inji ga bugawa, na ga irinta ba adadi.

Kafin ka yanke hukunci cewa gudu ne kaɗai ke sa ihun, duba abu biyu. Na farko kuloci. Sa babur a ta huɗu kana wajen 40, ka buɗe totur da ɗan ƙarfi. Idan ƙarar inji ta tashi sama fuu amma gudu ya biyo baya a hankali, kulocinka yana sulɓewa, ko dai waya ta yi tsauri, ko farantan sun cinye, ko an zuba maka man mota. Kulocin waɗannan babura a cikin baƙin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi santsi. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, alamar man da ya dace da irin wannan kuloci. Na biyu, idan na hannu ka sayi babur ɗin, sa a ƙirga haƙoran faifan gaba da na baya. Masu dakon kaya a ƙauye sukan sa babban faifai a baya don ƙarin ja, kuma babur mai irin wannan faifan zai yi ta ihu tun daga 60.

Wasu za su ba ka shawarar ka yi akasin haka, ka ƙara haƙori ɗaya a faifan gaba. Idan mai 14 ne aka sa mai 15, juyin inji yana raguwa da kimanin kashi 7 cikin ɗari a kowace giya, wato inda yake 7,000 ya koma wajen 6,500. Yana rage ihu da girgiza, gaskiya ne, kuma na yi wa mutane da dama waɗanda su kaɗai suke tafiya a kan kwalta, sun ji daɗinsa. Amma ba kyauta ba ne. Tashi zai yi nauyi, kuloci zai ƙara wahala, fizgar cikin gari za ta fara tun a gudun da da ba ta yi. Tunda ka ce kana ɗaukar kaya, ni ba zan ba ka wannan shawarar ba. Bar shi yadda kamfani ya kawo shi.

Inda lambobi ba sa aiki

Wuce mota shi ne wurin da zaɓen giya ke zama maganar rai. Idan kana bayan babbar mota tana tafiya 40 zuwa 45, kada ka fito a ta huɗu kana jiran injin ya tattaro ƙarfi a hankali alhali kana hannun masu tahowa. Sauko ta uku tun kana bayanta, ka leƙa, in hanya ta buɗe ka ba shi wuta, ka wuce, sannan ka mayar ta huɗu. Idan kuma motar tana yin 60 ko fiye, gaskiyar magana babur mai cc 100 ba shi da abin da zai wuce ta da shi. Ta uku ta kusa ƙarewa a nan, ta huɗu kuma ba ta da kuzari. Tirela doguwa ce, za ka daɗe a gefenta. Haƙura ka bi bayanta da rata.

Kwana da shataletale, ka gama rage gudu da sauko giya tun kafin ka shiga, ka ratsa da ɗan totur a hannu. Canza giya a tsakiyar kwana, musamman inda yashi ya kwanta a bakin kwalta bayan ruwa, shi ne ke zame tayar baya.

A rairayi, ta biyu da totur mai ɗorewa ta fi ta ɗaya, domin ta ɗaya tana sa taya ta yi ta tono a wuri ɗaya. Ka ja jikinka baya kaɗan, kada ka rufe totur kwatsam, don da ka rufe tayar gaba za ta nutse. A hanyar burji mai gargada, ta uku.

Gangara kuwa sai na ɗan tsaya a kanta, saboda tsadar mai ta koya wa mutane mummunar ɗabi'a ta sa babur a firi, ko ma kashe inji gaba ɗaya, a sake shi ya gangara. A ƙasar Kano da ba tudu sosai mutum yakan tsira da wannan. Amma wanda ya saba da haka ranar da tafiya ta kai shi Hawan Kibo a jihar Filato, ko hanyar Gembu a tsaunin Mambila, zai gane kurensa. Birkin irin Boxer ɗinka na ganga ne gaba da baya, idan aka daɗe ana matse shi yana zafi ya daina kamawa. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, ka rufe totur injin ya riƙe maka babur, birki ya zama na taimako. Man da inji ke sha da totur a rufe ɗan kaɗan ne, bai kai a sayar da rai a kansa ba. Mai tsohuwar Jincheng mai hayaƙi, wadda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, nasa ya ɗan bambanta: injinta ba ya riƙe babur sosai a gangara, kuma idan an cire famfon man ana zubawa a tanki, rufe totur na dogon lokaci yana nufin fiston na gudu ba mai. Shi sai ya riƙa ɗan taɓa totur lokaci zuwa lokaci yana saukowa.

Kuloci da ƙafar hagu

Kuskuren da ke biyo bayan zama a babbar giya shi ne rufa masa asiri da kuloci. Babur ya fara fizga, maimakon mutum ya sauko giya, sai ya matse kuloci rabi ya ƙara totur, fizgar ta ɓace. Ba ta ɓace ba, ta koma zafi a cikin farantan kuloci. Rabin kuloci na tashi ne da rarrafe a ta ɗaya, ba na tafiya ba.

Wajen saukowa, ɗaya bayan ɗaya, kana sakin kuloci a hankali bayan kowace. Idan ka iya ɗan taɓa totur kafin ka saki, shigar za ta yi laushi. Kada ka taho a 60 ka tattake giya biyu ko uku a jere ka saki kuloci, tayar baya za ta ƙulle ko injin ya wuce iyakarsa. Wannan ya fi haɗari a baburan da giyarsu ke zagayawa, irin wasu roba-roba da wasu 'yan China, inda bayan giyar ƙarshe in ka sake takawa sai ta faɗa firi, ka ƙara takawa ta shiga ta ɗaya. Tunda kai ma ka ce kana jin kamar akwai sauran giya, ka kiyaye wannan duk ranar da ka ari babur ɗin wani. Tambayi mai shi tsarin giyarsa kafin ka tashi, don ba duka suke tafiya iri ɗaya ba.

Manyan babura masu cc 600 zuwa sama, masu giya shida da agogon juyin inji, ƙa'idar ɗaya ce amma lambobin daban suke, kuma sun fi yafiya saboda ƙarfi ya yi musu yawa. Ba su cika shigowa garejinmu ba, don haka mai irinsu ya bi littafin da ya zo da babur ɗinsa. Haka sabon babur da bai gama sabawa ba, shi fizga da ihu duk ba ya so, kuma an fi son a riƙa sauya masa gudu maimakon a dasa shi a wuri ɗaya na dogon lokaci.

Daga nan inda nake ba na jin ƙarar babur ɗinka, kuma akwai abubuwan da ke kwaikwayon matsalar giya alhali ba ita ba ce. Cen da ya saki yana ƙara fizga, wasansa a tsakiya ya kamata ya tsaya wajen santimita 2 zuwa 3. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, fulogi da ya yi baƙi, taya mai ƙarancin iska, birkin baya da ke gogawa, kowannensu yana sa babur ya kasa jan giyar da da yake ja, ya kuma ƙara shan mai. Sa bakanikenka ya duba waɗannan tukuna.

Bayan haka ka yi gwajin da zai raba ka da abokinka gardama. Cika tanki har wuya, ka yi mako ɗaya yadda kake yi yanzu, ka sake cikawa a famfo ɗaya, ka rubuta litar da ta shiga. Mako na biyu ka riƙe ta uku a cikin gari har sai ka wuce 40, a kan kwalta kuma kada ka haura 60, ka sake cikawa ka rubuta. Tunda hanya ɗaya kake bi kullum, ko malejinka ya mutu, kamar yadda na mafi yawan baburan da ke zuwa wurinmu suka mutu, yawan litar kaɗai ya isa ya nuna maka. Ka tabbata dai makonnin biyu kwanakin aikinsu ɗaya ne, kuma ba ka ba wani aron babur ɗin a tsakani ba.